Botox

Botox (suna, namiji, an fi cewa *allurar Botox*). Allurar kwalliya da ake yi wa naman fuska don ya saki, tamoji ya kwanta, musamman na goshi, tsakanin gira da gefen ido. Asalinsa sunan haja ne na kamfanin Allergan, sai ya zama sunan da ake kiran duk allurai irinsa.

Ana tace shi daga gubar ƙwayar cuta Clostridium botulinum, wadda ke yaɗuwa a gurɓataccen abincin gwangwani har ta shanye jikin mutum. Ɗan mitsitsin da likita ke sawa yana tare saƙon da jijiya ke aika wa tsoka, sai ta daina motsi. Aikinsa na bayyana cikin 'yan kwanaki, ya gushe bayan wata 3 zuwa 4.

Da magani ya fara: hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 1989 don gyaran karkataccen ido, sai a 2002 ta yarda a yi kwalliya da shi.

Idan hannu ya kuskure, fatar ido na iya zubowa na makonni. Idan gubar ta bazu, haɗiya da numfashi su gagara. Don haka a wuraren da ake kasa magani a tebur cikin rana, duk kwalbar da aka ce Botox ce abar gudu ce, domin sanyin firji take bukata da ƙwararren likita.

*Misali:* Yaya, da allurar Botox a hannun ɗan kasuwa, gara tamojin.