Yadda ake ƙiyasta ɓarna da asarar girgizar ƙasa

Ƙiyasin ɓarnar girgizar ƙasa lissafi ne da masana ke yi domin sanin yawan rayuka da dukiyar da wani yanki ya rasa, tun kafin a kammala ƙidaya. Da shi ake tantance inda masu ceto za su fara dosa, da kuɗin da sake gini zai ci.

Lissafin ya dogara ne a kan abubuwa uku: tsananin jijjigar ƙasa a kowane wuri, yawan jama'a da gine-ginen da ke wurin, sai kuma ƙwarin gine-ginen. Shi ya sa ƙarfin girgiza kaɗai ba ya nuna girman asara. A 2010, girgiza mai ƙarfin maki 8.8 ta kashe mutum sama da 500 a Chile, ƙasar da ke da tsauraran dokokin gini. A shekarar ce kuma wata mai maki 7.0 ta afka wa Haiti, inda gwamnati ta ce mutum fiye da 200,000 sun rasu.

Ƙiyasin farko kan fito ne daga tsarin PAGER na Hukumar Binciken Ƙasa ta Amurka, galibi cikin minti 30 da aukuwar girgiza. Tsarin yana bayyana hasashensa da launuka huɗu: kore, rawaya, ruwan lemo da ja. Ja na nufin ana fargabar mutuwar mutum 1,000 zuwa sama, ko asarar da ta kai dala biliyan 1.

Daga baya ake faɗaɗa lissafin da hotunan tauraron ɗan adam da binciken injiniyoyi gida-gida. Bayan girgiza mai maki 7.8 da ta auku a Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, Bankin Duniya ya ƙiyasta ɓarnar Turkiyya a kan dala biliyan 34.2, yayin da gwamnatin ƙasar ta ambaci dala biliyan 103.6 a watan Maris.

Alƙaluman biyu ba sa karo da juna. Na farko darajar gidaje, makarantu, asibitoci da hanyoyin da suka lalace kawai ya ƙirga. Na biyu kuwa ya haɗa har da asarar da tattalin arziki ya tafka da sauran ɗawainiyar da bala'in ya jawo. Don haka, kafin a kwatanta alƙaluman asara, wajibi ne a duba abin da kowanne ya ƙirga da lokacin da aka fitar da shi.