Iskar Can Sama da Hadarin Borno: Inda Samfuran Yanayi Suka Saɓa

A saman sashen sararin da gajimare ke haɗuwa, daga wajen kilomita 16 zuwa 50, akwai wani sashe busasshe da masana ke kira sitiratosfiya, kuma a can, daidai layin ikwaita da ya raba duniya biyu, iska tana da ɗabi'ar da ba ruwanta da rani ko damina, domin takan yi watanni tana kaɗawa daga gabas, sannan ta juya ta kaɗa daga yamma, zagayen ya cika cikin kimanin wata 28. Kowane juyi daga sama yake farawa, ya riƙa saukowa da kusan kilomita ɗaya a wata, kuma iskar gabas ta fi ƙarfi, har takan wuce kilomita 100 a awa. Ana kiran wannan juyi QBO, wato juyin da ke ɗaukar kusan shekara biyu, kuma Richard Reed a Amurka da Veryard da Ebdon a Ingila ne suka gano shi tsakanin 1960 da 1961.

Richard Lindzen da James Holton sun bayyana dalilinsa a 1968 da 1972: manyan hadarai na ƙasashe masu zafi suna girgiza iskar da ke samansu, girgizar ta hau sama a matsayin igiyoyi, kuma inda igiyoyin suka karye sai su tura iskar wurin gabas ko yamma. A nan ne batun ya shafi Borno, domin Maiduguri tana kusa da digiri 12 arewa da ikwaita, wato a gefen yankin da juyin ke aiki. Hadarin da mazauna Gomari, kusa da filin jirgin sama, ke gani ya haɗo daga gabas da la'asar a watan Agusta, ƙura na tafe a gabansa, kansa yakan kai kilomita 15 ko fiye, kuma irinsa ne ke haifar da waɗannan igiyoyi.

Samfurin yanayi lissafi ne da kwamfuta ke yi bayan an yanka sararin duniya gida-gida, kowane gida mai faɗin kilomita ɗari ko makamancin haka, alhali da yawa daga cikin igiyoyin ba su kai wannan faɗi ba, don haka samfurin ba ya ganinsu, sai dai masu gina shi su ƙiyasta ƙarfinsu su sa masa da hannu. Sai a 1996 Masaaki Takahashi na Japan ya samu irin wannan juyi ya fito a babban samfuri. A zagaye na biyar na shirin kwatanta samfurai na duniya, CMIP5, biyar kawai suka fitar da shi, a zagaye na shida kuwa suka kai 15, kuma tun 2015 akwai shiri na musamman, QBOi, da ke gwada su da juna.

Wannan ci gaba ne na gaske, amma bai kamata a yi masa fassarar da ta wuce kima ba. Samfurin da ya ba da wata 28 yakan ba da shi ne saboda an yi ta daidaita ƙarfin igiyoyin har lissafin ya faɗa daidai, kamar agogon da aka saita da hannu, wanda daidaituwarsa a yau ba ta tabbatar da lafiyar injinsa. Shaida ita ce, a yawancin samfuran juyin yana raunana fiye da kima a wajen kilomita 20, inda ya fi kusa da gajimare, kuma da aka gwada su da duniya mai ƙarin zafi, sun yarda cewa ƙarfinsa zai ragu, amma wasu suka ce zagayen zai gajarta, wasu suka ce zai tsawaita. A Fabrairun 2016 kuma juyin ya katse, iskar gabas ta ɓullo a tsakiyar ta yamma, ba tare da cibiyoyin hasashe sun hango hakan ba, kuma wani katsewar ya sake faruwa tsakanin 2019 da 2020.

Saboda haka duk mai son jingina hasashen daminar Borno da QBO ya kamata ya yi hattara, tunda dangantakar da William Gray ya nuna tsakanin juyin da guguwar tekun Atlantika a 1984 ba ta ɗore a shekarun da suka biyo baya ba. Tushen matsalar ƙarancin awo ne. Ma'aunin da duniya ta fi dogara da shi daga balan-balan ɗin awon iska na Singafo yake tun 1976, alhali Sahel, inda hadari ke da ƙarfi matuƙa, ba ta samu awo mai zurfi ba sai a irin binciken AMMA na 2006, lokacin da aka saki manyan balan-balan daga Yamai da Damagaram. Ya dace hukumar yanayi ta NiMet da Jami'ar Maiduguri da cibiyar ACMAD ta Yamai su haɗa hannu a riƙa auna iskar sama a Maiduguri kullum, a kuma buɗe wa masu bincike sakamakon.