Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai: Darasin Da Na Ɗauko Daga Tarihin Barewa

Kusan kullum, kafin labarun rana, akan miƙo mini takardun sanarwa in karanta a gidan rediyon da nake aiki a Maraɗi. Akwai ta rasuwa, akwai ta ɗaurin aure, akwai ta ɓatan yaro ko ta akuya. Idan shekara ta zo ƙarshe kuma, sai na ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai su yi yawa: ƴan aji kaza na lise kaza, ana kiran ku taro ranar Lahadi, kowa ya zo da kuɗin anko. Na karanta irinsu ba adadi ban taɓa tsayawa na yi tunani a kansu ba, sai ranar da ta ƙungiyarmu ta faɗo hannuna, na karanta, na kuma je taron.

Mun kai mu arba'in a wannan rana. Cikin awa uku da muka yi, biyu sun tafi a kan launin yadin da za a ɗinka da wadda za a bai wa kwangilar abinci. Tsohon mushenmu na tarihi, wanda muka gayyata don ya sa mana albarka, yana zaune a gefe bai ce uffan ba. Da aka ba shi dama ya rufe taro, sai ya ce, "Yarana, a cikinku wa ya leƙa ajin da kuka zauna shekarar bak?" Kowa ya yi tsit. Ya juyo gare ni ya ce, "Kai da kake magana a rediyo, Katsina ba nisa. Je ka ga tsohuwar kwaleji, ka bi tarihin waɗanda suka fito daga cikinta, sannan ka dawo ka gaya wa ƴan'uwanka abin da ake nufi da tsohon ɗalibi." Na ce, "To, Mushe." Wannan rubutu shi ne cika alkawarin.

Daga Maraɗi zuwa Katsina, ta Ɗan Isa da Jibiya, ba wata tafiya ba ce, kuma Bamaraɗe ba baƙo ba ne a can, tun da asalin sarautarmu daga can ya fito. Abin da na tarar gini ne na ƙasa, mai kaurin bango, irin na magina Hausawa, wanda yanzu aka mayar gidan adana kayan tarihi. A nan ne Turawan Ingila suka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. Manufarsu ba ta da faɗi: suna son malaman makaranta da za su koyar a lardunan Arewa, waɗanda suka iya Turanci da lissafi amma ba su fita daga ladabin fada ba. Shi ya sa da yawa daga ɗaliban farko ƴaƴan sarakuna ne da na masu sarauta da na malamai. An koya musu karatu, an koya musu wasan kurket, da wani wasa na buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, wanda Sardauna bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Akwai abin da masu tsara makarantar ba su auna nauyinsa ba. A lokacin, kowace masarauta tana zaman kanta ne a ƙarƙashin En'e, da baitulmalinta da alƙalanta da Razdan a kanta. Ba safai ma'aikacin Sakkwato yake da dalilin sanin na Borno ba. Kwalejin Katsina ce ta haɗa su a ɗakin kwana ɗaya. Ahmadu Bello ya zo daga ƙasar Sakkwato a 1926, Abubakar Tafawa Ɓalewa daga Bauci a 1928. Kashim Ibrahim ya zo daga Borno, Aliyu wanda ya zama Makaman Bida daga ƙasar Nufe, Isa Kaita daga Katsina, Abubakar Imam daga Kagara. Shekara biyar suna ci tare, suna wasa tare, suna shan faɗan malami ɗaya. Kowane ɗalibi kuma an ba shi lamba tun ranar shigarsa, lambar da ba ta sauyawa kuma ba a bai wa wani ita. Ta Ahmadu Bello 87, ta Tafawa Ɓalewa 145. Har yau haka ake jera lambobin, kuma tsohon ɗalibi yakan faɗi tasa kusa da sunansa, a gane nan take wane ne yaya, wane ne ƙane.

Mu ma'abota adabi muna da namu rabo a wannan gida. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai a 1933, cikin littattafan da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, dukansu ɗaliban kwalejin, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, yayan Imam, wanda malami ne a cikinta. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Imam ne ya zama editanta na Hausa.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, aka riƙa kiran ta Kwalejin Kaduna. A can Aminu Kano ya yi karatu, haka ma Shehu Shagari. Shekara ɗaya bayan ƙaurar, a 1939, aka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta. A nan ne ya kamata mai karatu ya dakata ya duba halin da ake ciki. Waɗannan samari sun gama karatu sun watse, kowa ya koma ƙarƙashin sarkinsa, yana koyarwa a midil ko yana aikin ofis. Babu jam'iyyar siyasa a Arewa, babu ƙungiyar ƙwadago da ta haɗa su. Matashin ma'aikaci da ya ga abin da bai gamshe shi ba a kotun alƙali ko wajen karɓar haraji, ba shi da inda zai faɗa sai a cikin zuciyarsa. Taron tsofaffin ɗalibai shi ne hujjar da za ta sa malami daga Bauci da wani daga Sakkwato su zauna a ɗaki ɗaya ba tare da an ce sun yi wa kowa tawaye ba. Wa zai hana mutum ziyartar makarantarsa?

Amma idan ƴan boko talatin suka zauna, hira ba ta tsayawa a kan wasan kurket. Sai ta gangaro kan albashi, da ƙarancin makarantu, da yadda ake tafiyar da En'e, da makomar Arewa idan aka kwatanta ta da Kudu. Wannan ya sa sarakuna da wasu jami'an mulkin mallaka suka yi wa ƙungiyar kallon tuhuma, kuma ba ta daɗe da ƙarfinta na farko ba ta lafa. Duk da haka masana tarihin siyasar Nijeriya suna lissafa ta cikin yunƙurin farko na haɗa kan ƴan bokon Arewa, domin abin da aka fara a cikinta bai mutu ba, wuri kawai ya sauya. A 1943 aka sami zauren tattaunawa a Bauci, inda Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Tafawa Ɓalewa suke cikin masu magana. A 1948 Aminu Kano ya jagoranci kafa ƙungiyar malaman makarantun Arewa. A 1949 aka ƙaddamar da Jam'iyyar Mutanen Arewa a Kaduna a matsayin ƙungiyar al'adu, a 1951 ta zama jam'iyyar siyasa, wato NPC. A tsakanin nan, a watan Agusta na 1950, aka kafa NEPU a Kano, kuma a wannan watan ne Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a yi wa tsarin En'e gyara, maganar da ta girgiza fadoji.

Ita kuwa makarantar ta sake ƙaura zuwa Zariya a 1949, a 1971 aka raɗa mata sunan Barewa, ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta kuma aka san ta da BOBA. Mutum biyar da suka shugabanci Nijeriya sun bi ta cikinta: Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa Ƴar'aduwa. Gwamnatin Jihar Arewa kafin 1966 kamar taron tsofaffin ɗalibai take: Sardauna Firimiya, Kashim Ibrahim Gwamna, Makaman Bida a kan kuɗi, Isa Kaita a kan ilimi. A daren 15 ga Janairu 1966, makarantar ta yi rashin ɗalibanta na farar hula da na soja a lokaci guda, daga Sardauna da Tafawa Ɓalewa har Birgediya Zakariya Maimalari. A 2021 ta cika shekara 100, kuma har yanzu ɗakunan kwananta suna ɗauke da sunaye irin su Bello Kagara, Clifford da Ɗan Hausa.

Da na dawo gida na ba Mushe wannan labari, sai ya yi murmushi ya ce, "Ka ga na maƙwabta. Namu fa?" Gaskiyarsa. Mu da Faransa ta mulka muna da tamu Katsinar, sai dai tana nesa, can Senegal. Makarantar horon malamai ce da aka fara a Saint-Louis a 1903, aka mayar tsibirin Gore a 1913, aka sa mata sunan William Ponty a 1915, sannan ta koma Sebikotan a 1938. Daga kowace ƙasa ta Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa ake zaɓo yara ƙalilan a kai su. Daga Nijar, Bubu Hama ya je, Diori Hamani ya je, Jibo Bakari ya je. Daga wasu ƙasashe akwai Houphouët-Boigny na Kodebuwa da Modibo Keita na Mali. Da aka kafa PPN a Yamai a 1946, aka kuma kafa RDA a Bamako a watan Oktoba na wannan shekara, sanayyar da aka ƙulla a lakkwal tana cikin abin da ya sa ƴan siyasar ƙasashe daban-daban suka gane juna da wuri.

Kamar kuma yadda makaranta ɗaya ta fitar da Sardauna da Aminu Kano, kowa ya kama hanyarsa, haka Ponty ta fitar da Diori da Jibo. A ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, Jibo ya ce a ƙi tayin Faransa, Diori ya ce a karɓa. Jibo ya sha kaye, a 1959 aka haramta jam'iyyarsa ta Sawaba, kalmar da ƴan NEPU ma suka riƙe a matsayin takensu a ƙetaren iyaka. Wannan ya nuna mini cewa zama a benci ɗaya ba ya sa a yi ra'ayi ɗaya, kuma ba ya hana gaba mai zafi. Abin da yake bayarwa shi ne sanayya da harshen da za a yi gardama da shi.

Ba zan ɓoye ɗaya fuskar tarihin ba. Waɗannan makarantu na ƴan ƙalilan ne, kuma na maza zalla. Zumuncin da ya taimaka aka gina ƙasa shi ne kuma yakan zama ƙofar baya, inda ake ba mutum aiki don lambarsa ba don ƙwazonsa ba, ɗan talakan da bai taɓa shiga gidan ba ya tsaya a waje. Duk ƙungiyar tsofaffin ɗalibai tana da wannan haɗari, har tamu ƙarama. Idan amfaninta ya tsaya a kan mambobinta, ta zama adashen masu hali.

Abin da ya raba ƙungiyar 1939 da taronmu na anko, a ganina, shi ne inda aka sa ido. Su sun taru ne suna tambayar ina jama'arsu za ta dosa. Mu mun taru muna tambayar yadda za mu fito a hoto. Ko a yau, abin da aka fi jin BOBA da shi, ban da taron shekara, shi ne tara kuɗi don gyaran azuzuwa da ɗakunan kwana da taimaka wa yaran da ke karatu yanzu. Idan makarantar da ta fitar da shugabannin ƙasa biyar tana buƙatar hannun tsofaffin ɗalibanta, ina ga lise ɗinmu na lungu?

Na je na leƙa ajin da Mushe ya yi magana. Yara sun ninka yawanmu na da, huɗu a bencin mutum biyu, wasu a ƙasa. Allon ya kode har alli ba ya kama shi sosai. Na tsaya a bakin taga na tuna cewa a wannan ɗaki aka fara sa ni karanta rubutu da ƙarfi a gaban jama'a, abin da nake ci da shi yau.

A taron da ya biyo baya na roƙi a ba ni minti goma, na ba su wannan tarihi a taƙaice. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wani ya ce gyaran aji aikin gwamnati ne, kuma ban musa masa ba, domin haka ne, ƙungiya ba za ta maye gurbin hukuma ba. Amma mutum arba'in da suka haɗa da likita da ɗan kasuwa da malami da ɗan jarida suna da murya, kuma za a fi sauraron su idan sun je ofis tare bayan sun fara sa nasu hannu. Mun amince kowa ya riƙa ba da jaka ɗaya a wata, a fara da benci da allo. Mun amince a buɗe rajista da sunan duk wanda ya yi karatu a makarantar, mace da namiji, wanda ya ci bak da wanda bai ci ba, don kada ƙungiyar ta zama ta masu albashi kaɗai. Mun kuma amince duk wata uku ɗaya daga cikinmu ya je ya zauna da ƴan ajin ƙarshe ya gaya musu yadda aikinsa yake da hanyar da ake bi a kai gare shi. Ankon ma an ɗinka, ba a fasa ba.

Yanzu idan aka miƙo mini sanarwar wata ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, nakan karanta ta yadda aka rubuta, domin aikina ke nan. Amma in mai kawo ta ya tsaya mun gaisa, nakan yi masa tambayar da Mushe ya yi mana: yaushe rabonka da leƙa ajinku? Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya.