Gadon Jaririn da Ya Koma Wankin Zinare

Jaririn Bahaushe ba shi da gadon da ya wuce bayan uwarsa. In ya yi kuka, a gyara majanyi, a jijjiga shi har barci ya kwashe shi. Turawan da kuwa akwatin katako suke sassaƙa wa jariri, su yi masa ƙafafu masu lanƙwasa kamar jinjirin wata, uwa na saƙa tana taɓa shi da ƙafa yana lilo. Sunansa cradle a Turance. Daga baya sunan ya bazu: mazaunin kan tarho, katakan da ke tallafe jirgin ruwa kafin a tura shi teku, har ƙasar da ake ganin wayewa ta fara a cikinta, duk da shi ake kiransu. Amma a ganina babu inda sunan ya zauna daram kamar a bakin masu haƙar zinare.

Ranar 24 ga Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinare a Coloma ta Kalifoniya, inda yake gina wa John Sutter injin yanka katako. Kafin a ankara duniya ta yi ca a wurin. Da kwano aka fara wanke yashi, mutum ya wuni a duƙe cikin ruwan sanyi, ƙugu ya ƙage, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. Duk wanda ya taɓa ganin masu wankin zinare a rafukan Zamfara ya san wannan duƙon.

Sai ga akwatin lilo, wanda shi ma cradle ake kiransa. Tsawonsa kamar mita ɗaya, a samansa rariyar ƙarfe, a ƙarƙashinta ƙyalle mai kauri a karkace, a gindinsa kuma an gitta 'yan sanduna. Wani na zuba ƙasa, wani na kwarara ruwa, na uku ya kama mariƙi yana jijjigawa. Tsakuwa ta tsaya a rariya, laka ta bi ruwa, zinare kuwa da yake ya fi su nauyi sai ya lafe a bayan sandunan. Aibinsa ɗaya, gari-garin zinaren kan sulale ya bi ruwa.

Wannan dabara Edward Hargraves ya ɗauko daga Kalifoniya, inda bai samo abin kirki ba, ya kai Ostireliya. A 1851, a yankin Bathurst, ya koya wa John Lister da 'yan'uwa biyu, William da James Tom, yadda ake haɗa akwatin, William ya sassaƙa shi. Hargraves na Sydney lokacin da samarin suka wanko zinare mai kauri a wurin da aka raɗa wa suna Ophir, amma shi ya kai wa hukuma labari. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi: gwamnatin New South Wales ta ba shi fam 10,000 da suna, su kuwa aka sallame su da ɗan abin da bai kai ya kawo ba.

Abin yana sosa mini rai, domin kusan shekara 40 suka yi suna kai kuka. Sai a 1890 wani kwamitin majalisa ya tabbatar cewa su ne suka fara gano zinaren da ya isa a haƙa a ƙasar. A wannan shekarar Lister ya rasu.