Land Rover a Nijar: tarihin da ke kwance cikin akwatuna

A shekarar 1948 aka fara nuna motar Land Rover a birnin Amsterdam, a Solihull ta ƙasar Ingila kuwa ake ƙera ta. Ko da yake Faransa ce ta mallaki Nijar, wannan mota ta samu gindin zama a ƙasar, domin jikinta na alminiyam ba ya tsatsa, kuma ƙafafunta huɗu duka suna ja cikin rairayi. Zamanin da kwalta ba ta wadata ba, ita ke kai jami'an gwamnati da masu allurar rigakafi ƙauyuka masu nisa. A 1979, gasar Paris-Dakar ta farko ta ratso Agadas da Yamai, ƙanwarta Range Rover ce kuma ta zo ta ɗaya a rukunin motoci.

Daga baya Toyota ta gaje hanyoyin, a 2016 kuma aka daina ƙera tsohon samfurin. Ingilawa sun adana takardunta da hotunanta a gidan tarihin motoci na Gaydon. A Yamai kuwa, hotunan suna cikin akwatunan iyalan tsofaffin direbobi da makanikai, gara da zafi suna cin su.

Kowane hoto yana ɗauke da gari, da tufafi, da fuskokin mutanen wancan lokaci. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin raya al'adu su tattara su, su rubuta sunan wuri da shekara daga bakin dattawan da suka rage, su damƙa kwafi ga Gidan Tarihi na Bubu Hama. Ranar da dattijon ƙarshe ya kwanta dama, babu mai iya faɗin ko su wane ne a hoton.