Daga wuri zuwa kan sarki: Tarihin katantanwa a wasiƙun Najeriya

A shekarar 1987 hukumar gidan waya ta Najeriya ta fitar da kan sarki guda huɗu masu ɗauke da hoton halittun ruwa dangin dodon koɗi, na kwabo 10, 20, 25 da 30. Na farko makankarin kogi ne, na biyu doguwar katantanwar nan da ake sakawa a miya a Kalaba da Fatakwal, na uku ƙumba mai jan jini, na huɗu kuwa kawa mai manne wa saiwar itatuwan bakin teku. Dukansu abinci ne kuma hanyar samun kuɗi ga masunta, musamman mata, a yankin Neja Dalta.

Kafin nan, hoton sarauta ne ya daɗe yana mamaye takardun. Legas ta fara buga nata a 1874, Arewacin Najeriya a 1900, da hoton Sarauniya Biktoriya. Bayan haɗe Kudu da Arewa a 1914 aka fitar da na ƙasa ɗaya da hoton Sarki Joji na Biyar. Irin waɗannan hotuna ne asalin sunan "kan sarki" a Hausa. A jerin 1953 an ba kayan gida fili sosai, har na sisin kwabo ya nuna mundayen tagulla da aka yi ciniki da su a Kudu.

Sai dai a Arewa, katantanwar da ta fi kowace tarihi ita ce wuri, wanda jam'insa ya zama kalmar "kuɗi". Mafi yawansa daga tsibiran Maldif na Tekun Indiya ya fito, ya iso ta Sahara, daga baya kuma a jiragen ruwan Turawa. Baturen Jamus Heinrich Barth, da ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala ɗaya a kan wuri 2,500. Ana ƙirga shi da zambar, wato dubu, da keso, wato dubu 20.

Zangon Kataf na cikin wuraren da wannan kuɗi ya ratsa. Sunan garin kansa shaida ne: zango ne da fatake ke yada kaya a ƙasar Atyap, a kan hanyarsu ta zuwa kudu. A 1904 gwamnatin Lugga ta hana shigo da wuri Arewa domin a karɓi sulalla da kwabbai. Da jirgin ƙasa ya iso Kafanchan, garin ya zama mahaɗar dogo a 1927, kaya da wasiƙu suka koma bin titin ƙarfe. A yau wuri ya rage a kwalliya, kayan rawa da maganin gargajiya. Gana kuwa ta adana sunansa, domin "sidi" na nufin wuri a harshen Akan.

Halittun da ke kan sarkin 1987 su ma suna cikin haɗari. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna malalar mai ta lalata dazuzzukan bakin teku, inda kawa da katantanwa ke hayayyafa. Don haka duk mai tsohuwar ambulan a akwati, ya duba kusurwarta kafin ya jefar: tana iya zama shaidar arzikin da ke neman ɓacewa.