Tarihi: garkuwar kumbo da kalmar "babu matsala" a bakin ƴan jarida

Tarihin yau zai kai mu nesa, har sararin samaniya, amma ku yi haƙuri ku biyo ni, a gida za mu sauka.

Da yawa ba su san cewa Kano, Kanon nan da ƴan kasuwarmu ke zuwa sari, ta taɓa shiga harkar ƴan sama jannati ba. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta Amurka ta jera tashoshi a kewayen duniya don bin sawun kumbunanta da yin magana da mutumin da ke ciki. A Afirka akwai ɗaya a Kano, ɗaya a Zanzibar. Ranar 20 ga Fabrairu 1962 John Glenn, Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya, ya ratsa ta saman Afirka cikin kumbon Friendship 7. Ya ce yana hango ƙura ta turnuƙe ƙasa, ma'aikatan tashar Kano suka amsa masa cewa ai kwanakin nan iska ake ta yi. Mu da muka san hazon Fabrairu ba sai an fassara mana ba.

To ana cikin wannan tafiya sai wata alama ta fito a na'urorin ƙasa, tana nuna kamar garkuwar zafi ta kumbon ta saki. Mece ce garkuwar zafi? In kumbo zai dawo duniya yana shigowa ne da gudun kusan kilomita 28,000 a awa. Iskar da yake bankawa a gabansa sai ta ɗau zafi ta wuce digiri 1,500. Ku kwatanta: alminiyam ɗin da maƙeranmu ke zuba tukwane da shi, a digiri 660 yake narkewa. Garkuwar ita ce tsakanin mutum da wannan wuta. In babu ita, babu shi.

Shugabannin ƙasa ba su faɗa wa Glenn kai tsaye ba. Sai dai tashoshi suna ta yi masa tambayoyi a kaikaice: maɓalli kaza a kashe yake? Kana jin wani abu na bugawa? Daga baya aka ce ya bar rokokin birki a ɗaure a jikin garkuwar, don igiyoyinsu su riƙe ta. Sai dab da shigowa aka bayyana masa abin da ake tsoro. Allah ya taimaka, ashe na'urar alamar ce ta yi ƙarya, garkuwar lafiyarta lau. Ya sauka cikin tekun Atlantika bayan kewaye uku. Amma ku riƙe wannan: mai rai a cikin kumbon shi ne kusan na ƙarshe da ya ji labarin.

A 1981 Amurka ta fito da sabon kumbo mai fiffike, mai zuwa ya dawo ya sauka kamar jirgin sama, wanda a lakwal aka koya mana da sunan navette. Cikinsa an lulluɓe shi da tayil fiye da 20,000, kamar karo ɗin da ake shimfiɗawa a ɗaki amma marasa nauyi, masu saurin ɓarewa. Bakin fiffike kuma da wani irin gawayi mai jure wuta aka yi shi. A wajen tashi yana manne da wani ƙaton tankin mai da aka shafe da soso mai tauri don riƙe sanyi. Tun tafiyoyin farko wannan soson yake ɓallewa yana bugun kumbo. Ana gani, ana gyarawa, ana sake tashi. Da abin ya yawaita bai kashe kowa ba, sai aka saba da shi.

A Disamba 1988 kumbon Atlantis ya dawo da tayil fiye da 700 da suka ji rauni, ɗaya ma ya fita ɗungum. Kwamandan, Robert Gibson, tun suna sama ya ga ɓarnar da kyamara ya tsorata. Amma tafiyar ta sirrin soja ce, hoton da aka aika ƙasa dishi-dishi ne, injiniyoyi suka ce ba komai. Duniya ba ta ji girman abin ba sai daga baya. Saura ƙiris.

Sai Columbia. Ta tashi ranar 16 ga Janairu 2003 da mutum 7. Daƙiƙa 82 da tashi, guntun soso kamar girman jakar hannu, bai kai kilo ɗaya ba, ya ɓalle ya bugi fiffiken hagu da gudun fiye da kilomita 800 a awa. Washegari aka gan shi a hoton bidiyo. Injiniyoyi suka nemi a roƙi soja su ɗauko hoton fiffiken da na'urorinsu masu hangen nesa. Har sau uku ana nema, manya suka dakatar da buƙatar. Aka dogara da lissafin wata manhajar kwamfuta da aka tsara don ƙananan ɓarɓashi, alhali wannan guntun ya ninka su sau ɗaruruwa.

Ga wurin da ni, a matsayina na mai riƙe makirfo, abin ya fi tsaya mini a rai. Mako guda da tashi aka aika wa kwamanda Rick Husband saƙo daga ƙasa, aka gaya masa soso ya bugi fiffike, babu abin damuwa, kuma an faɗa masa ne kawai don kada wani ɗan jarida ya yi masa tambayar ba zata. Kun ji fa. Tambayar ɗan jarida aka fi tsoro fiye da ramin. Jajibirin dawowa wani jami'in NASA ya sake shaida wa manema labarai cewa an duba, ba matsala. Yawancin kafafe ko ambaton zancen ba su yi ba, waɗanda suka ambata suka tsaya a kan abin da aka faɗa musu.

Ranar Asabar 1 ga Fabrairu 2003, wajen ƙarfe 3 na rana agogon Nijar, ana shirin babbar salla, iska mai zafi ta shiga ta ramin ta narkar da fiffiken daga ciki. Columbia ta tarwatse a saman jihar Texas, saura minti 16 ta sauka. Duk su bakwai suka rasu, cikinsu har da Kalpana Chawla, haifaffiyar Indiya, da Ilan Ramon na Isra'ila. Ina yaro lokacin, a radiyon mahaifina na ji, abin da na fahimta kawai shi ne jirgi ya ƙone a sama.

Ko bayan haɗarin, shugaban shirin, Ron Dittemore, ya ce a gaban ƴan jarida bai ga yadda soso zai zama sanadin wannan ba. Aka cika labarai da hasashe iri-iri. Abin da ya kashe gardamar gwaji ne. Ranar 7 ga Yuli 2003 a birnin San Antonio aka harba guntun soso irin wancan a kan bakin fiffike na gaske, ya huda rami mai faɗin kusan santimita 40. A Agusta kwamitin bincike ƙarƙashin Harold Gehman ya fitar da rahoto: laifin na soso ne, kuma na ɗabi'ar hukumar ne, wadda ta saba da alamun haɗari ta kuma toshe bakin ƙananan ma'aikata. Ya ce da an gane da wuri akwai yiwuwar a tura Atlantis ceto, ko da yake da kasada.

Daga nan sai ƴan jarida suka koma ɗaya ɓangaren. A Yuli 2005 Discovery ta tashi, soso ya sake ɓallewa, duniya ta ɗauka. Stephen Robinson ya fita waje ya zare wasu ƙyallaye biyu da suka leƙo tsakanin tayil da hannunsa, ana kallo a tele. A Agusta 2007 Endeavour ta samu rauni na kusan santimita 9 a ciki, kwana da kwanaki ana tuna wa mutane Columbia. Amma wannan karon an ɗau hoto, an auna zurfin da na'ura, an gwada irin raunin a wuta a ƙasa, sannan aka ce a bar shi. Ta sauka lafiya ranar 21 ga Agusta. Kalmar ɗaya ce da ta 2003, "babu matsala". Bambancin shi ne a 2007 an je an duba.

Yanzu mu dawo gida. A wannan Yulin na 2005 da duniya ke kallon Discovery, kyamarorin BBC suna Maraɗi suna ɗaukar yara a cibiyoyin tamowa na MSF. Mu nan ba a tele muka gani ba. Daminar 2004 ta gaza, fara ta ci saura, kuɗin tiyar hatsi ya yi sama, tun watanni kafin nan alamu suna fili. A Agusta shugaba Tandja Mamadou ya shaida wa BBC cewa babu yunwa a Nijar. Aka shiga gardamar suna, yunwa ce ko ƙarancin abinci, uwaye kuwa suna kan layi da yara a goye. Kafafen waje sun zo a makare, da suka zo kuma wasu suka yi kamar duk ƙasar ta mutu. Shiru da farko, ihu daga baya, kamar dai na kumbo.

Ni kaina na sha karanta kominike a iska yadda aka miƙo mini shi, ban tambayi komai ba. An ce gadar lafiya lau, an ce ruwan rijiyar ba komai, an ce tsagewar bangon aji tsohuwa ce. Wataƙila gaskiya ne. Amma aikinmu bai ƙare ba sai mun yi tambaya uku: wa ya duba, da me ya duba, kuma akwai wanda ya duba bai yarda ba? Tsoratar da jama'a ba aikin jarida ba ne, lallashin su da maganar da ba a tabbatar ba ma haka.

Ku ma masu sauraro kuna da haƙƙi. In kun ji mun ce "hukuma ta ce babu matsala", ku kira ku tambaye mu wa ya je ya gani. In ba mu da amsa, ku sani rabin labari muka ba ku. Allah ya kiyaye mu, ya sa mu faɗi gaskiya a kan lokacinta. Sai tarihi na gaba in Allah ya kai mu.